Rasit ɗin Kusuri: yadda maimaituwar lamba ɗaya ta jefa ƙungiyar fataken albasa cikin zargi

Ƙungiyar da wannan nazari ya shafa ta fatake ce, galibinsu Hausawa, masu ɗaukar albasa da wake daga kasuwannin Garwa da Marwa zuwa Kusuri, su haye gadar Ngeli su sauke a Njamena. Ba zan faɗi sunanta ko sunan kowa a cikinta ba, haka muka yi da shugabanninta. Kamaru da Cadi kuɗi ɗaya suke kashewa, sefa ta bankin BEAC, saboda haka canji bai dame su ba. Abin da ya dame su shi ne dawowa da tsabar kuɗi ta hanyar Dabanga, Waza da Mora, wadda kowa ya san halin da ta shiga tun da rikicin Boko Haram ya tsallako yankin. Shi ya sa suke da wakili a kowane gari: ka sayar da kayanka ka damƙa kuɗin ga wakilin Njamena ko na Kusuri, ɗan aikenka ya karɓa a hannun na Marwa, wakilan kuma su yi lissafi tsakaninsu daga baya.

Shekara da shekaru da kiran waya da littafi ake yi. Da harka ta yi yawa, wani matashi, ɗan ɗaya daga cikin membobin, wanda ya karanta ilimin kwamfuta, ya rubuta musu ƙaramar manhaja ta Android. Wakili zai shigar da adadin kuɗi, sunan mai karɓa da reshen da zai biya, manhajar ta kulle bayanin ta fitar da jerin haruffa marasa ma'ana ga mai kallo. Babu uwar garke, wato babbar kwamfutar da wayoyi ke haɗuwa ta kanta, domin rezo, wato sabis ɗin waya, a wannan hanya ba abin dogaro ba ne, wuta ma takan yi wuya da rani idan ruwan madatsar Lagdo ya ja. Sai a kwafi haruffan a tura ta SMS, ko a zuba su a zauren WhatsApp na ƙungiyar, inda direbobi da dillalai da 'yan kamasho duk suke ciki. Ba wanda ya ga illar hakan, tunda ai saƙon a kulle yake.

Yaron bai yi ganganci wajen zaɓen makulli ba. Ya ɗauki AES-GCM, wanda yawancin shafukan intanet ke tafiya a kansa yau. Masana biyu 'yan Beljiyam, Joan Daemen da Vincent Rijmen, su suka ƙirƙiro AES, Amurka ta mayar da shi ma'auni a 2001, kuma har yanzu ba wanda ya karya shi a aikace. GCM kuwa David McGrew da John Viega ne suka fito da shi a 2004, hukumar ma'aunai ta Amurka, NIST, ta amince da shi a 2007. Aiki biyu yake yi lokaci guda: ya ɓoye saƙo, ya kuma liƙa masa hatimi mai bayit 16 (bayit ɗaya bit takwas ne, bit kuwa 0 ne ko 1) wanda zai ƙi dacewa idan an taɓa ko da harafi ɗaya a hanya. Sharaɗinsa guda ne. Kowane saƙo yana tafiya da lambar sau-ɗaya mai bit 96, kuma ba a yarda wannan lamba ta sake fitowa ba muddin mabuɗin bai canza ba. Ƙa'idar NIST ta nuna hanyar tabbatar da haka: a raba lambar gida biyu, gidan farko ya zama shaidar na'urar, na biyun ya zama ƙirge mai hawa ɗaya-ɗaya. Haka yaron ya yi, bit 32 na lambar reshe, bit 64 na ƙirge. Mabuɗi kuwa guda ɗaya ya sa wa duka wakilan, don kowa ya iya buɗe rasit ɗin kowa.

A tsakiyar kakar albasa wayar wakilin Kusuri ta faɗi, gilashinta ya mutu. Ya sayi sabuwa, mai gyaran waya a kasuwa ya juye masa komai daga kwafin ajiyar da aka yi kwanaki kafin faɗuwar, har da mabuɗin da ƙirgen manhajar. Nan take ƙirgen ya koma baya, ya fara bin lambobin da aka riga aka kashe. Daga baya aka sa wa tsohuwar wayar sabon gilashi, wakilin ya ba yaron shagonsa ita don ya riƙa karɓar kuɗi a bakin gada wajen duwan. Wayoyi biyu ke nan masu mabuɗi ɗaya da lambar reshe ɗaya, kowacce tana ƙirga nata. Manhajar ba ta yi ko tari ba, domin kowane rasit yana buɗuwa lafiya ƙalau.

Ranar lissafi abin ya fito. Littafin Marwa ya nuna an biya sefa 950,000 a kan wani rasit na Kusuri, littafin Kusuri kuma ya ce 150,000 aka karɓa. Wakilin Marwa ya ce wani ne ya zo da saƙon a wayarsa, ya tura masa, manhajar ta nuna koren haske, mutumin ya faɗi sunan mai kuɗin daidai, shi kuma ya biya. Washegari ɗan aike na gaskiya ya iso. Neman wancan mutumin yana hannun hukuma, ba shi ne batun wannan rubutu ba. Ni yaron ya kira don mu duba yadda aka yi rasit na ƙarya ya sami hatimi na gaskiya.

Da muka jera saƙonnin da ke zauren muka karanta lambobinsu, waɗanda a fili suke tafiya, maimaicin bai ɓuya ba. Wasu lambobin sun fito sau biyu, kuma rasit ɗin da ake rikici a kansa yana cikinsu.

Ga abin da hakan ke haifarwa. GCM ba ya cusa saƙon kansa cikin AES. Yana ba AES mabuɗi da lambar sau-ɗaya, AES ya fitar da dogon jerin 0 da 1 marar tsari, wanda zan kira lulluɓi. Sai a haɗa lulluɓin da saƙon bit da bit ta lissafin XOR: inda biyun suka yi daidai a rubuta 0, inda suka saɓa a rubuta 1. Mabuɗi ɗaya da lamba ɗaya kullum lulluɓi ɗaya suke bayarwa. Don haka duk wanda ya san abin da ke cikin rasit guda, misali nasa na kansa, ya haɗa shi da kullallen ya fitar da lulluɓin, ya yaye ɗayan rasit ɗin da shi, ya karanta suna da adadi. Wannan kaɗai ya isa ya tayar da hankali, domin sanin wanda zai fito daga shagon wakili da kuɗi mai yawa, da ranar da zai fito, magana ce ta rai a wannan yanki.

Ɓarnar da ta fi wannan tana wajen hatimin. GCM yana lissafa shi da wata lamba ta sirri da ake kira H, wadda ake samowa daga mabuɗin, kuma ba ta canzawa daga saƙo zuwa saƙo. Gutsattsarin kullallen saƙon ana ninka su da H hawa-hawa, sannan a rufe sakamakon da wani ɗan lulluɓi da ya dogara da lambar sau-ɗaya. Idan lambar ta maimaitu, sai a haɗa hatiman biyu, wannan murfin ya soke kansa, a bar lissafin aljabara wanda H kaɗai ce ba a sani ba a cikinsa. Rasit gajeren saƙo ne, amsoshin da za su iya dacewa ba su da yawa, maimaici na biyu kuma zai tace ta gaskiya. Antoine Joux, masanin Faransa, ya yi wa NIST wannan gargaɗi tun 2006. A 2016 wasu masu bincike, cikinsu har da Hanno Böck, suka zaga intanet suka tarar da uwar garke 184 suna maimaita lambar, suka nuna yadda ake cusa musu bayanin ƙarya, suka kuma wallafa kayan aikin a fili. Wato ba sai mutum ya zama gwanin lissafi ba. Wanda ya mallaki H yana iya ɗaukar kowane rasit da ya gani a zauren, na kowane reshe tunda mabuɗin ɗaya ne, ya sauya abin da ya ga dama ya buga masa sabon hatimi, ba tare da ya taɓa ganin mabuɗin ba.

Yanzu a dubi adadin. A rubutun kwamfuta harafin 1 shi ne 00110001, harafin 9 kuma 00111001. Bit ɗaya ne tsakaninsu. Da muka ɗora rasit na ƙarya a kan na gaskiya, bambancin ke nan: bit ɗaya da hatimin. Yaron ya yi murna, ya ce to ga shaida, ɗan waje ne ya juya bit ɗin, wakilin Kusuri ya fita. Na so ƙwarai a ce haka ne. Amma duk mai riƙe da mabuɗin, idan ya rubuta 950,000 da wannan lamba, saƙon da zai fito ba zai bambanta da wancan ba ko da bit guda, har hatimin. Masu mabuɗin kuwa su ne duka wakilan, yaron shagon Kusuri, mai gyaran da kwafin ajiya ya bi ta kwamfutarsa, da shi kansa mai manhajar. Ƙara musu duk wanda ke zauren WhatsApp. Saƙon bai ɗauke da wata alama da za ta ware ɗaya daga cikinsu.

A taron da aka yi a Garwa, shugaban ƙungiyar ya tambaye ni kai tsaye.

"Malam, magana ɗaya nake so. Na'urar nan za ta iya faɗa mana wa ya rubuta takardar?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ba za ta iya ba. Ko da lambar ba ta maimaitu ba, ba za ta iya ba. Kamar a sassaƙa tambari iri ɗaya a raba wa mutum biyar ne, in an ga bugunsa a takarda an san daga gidan ta fito, amma ba a san hannun wa ba."

Ya juya wajen wakilin Kusuri, dattijon da ya girme shi, ya ce, "Yaya, ka ji dai. Ba wanda ya ce kai ne. Zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya."

Dattijon ya ce, "Alhaji, ba a faɗa da baki ba. Amma tun ranar ba wanda ya ajiye ko dala a hannuna."

Aka yanke cewa asusun ƙungiya zai ɗauki asarar, shi kansa shugaban kuma ya fara tura kuɗinsa ta Kusuri don mutane su gani. A wurina wannan ita ce babbar ɓarnar da tsarin ya yi, ta fi sefa 800,000 ɗin nauyi. Ya sa mutane sun sakankance da koren haske, da rikici ya zo kuma ya kasa wanke kowa.

Gyaran ya fara da dakatar da manhajar, aka koma kiran waya da littafi, aka jefar da tsohon mabuɗin gaba ɗaya. Sannan muka zauna a kan tambayar da ta fi muhimmanci: me wayar ɗan kasuwa take gamuwa da shi a rayuwarta? Tana faɗuwa, ana mata filashin, ana juye ta, ana ba yaro, ana sayar da ita. Duk tsarin da tsaronsa ya rataya a kan cewa ƙirge ba zai taɓa komawa baya ba, bai dace da wannan waya ba, komai kyawunsa a takarda.

Abu na farko da aka shigar shi ne sa hannun lantarki. A nan kowace waya tana ƙirƙirar mabuɗai biyu da kanta, na sirri wanda ba ya fita daga cikinta, da na fili wanda ake raba wa kowa. Na sirrin ke sa hannu, na filin ke tantancewa, kuma mai tantancewa ba shi da ikon ƙirƙirar sa hannun. Mun yi doguwar muhawara tsakanin tsare-tsaren sa hannu biyu, ECDSA da Ed25519. ECDSA yana buƙatar sabuwar lambar sirri a kowane sa hannu, kuma idan ta maimaitu sau ɗaya tak, mabuɗin sirrin kansa ake fitarwa da lissafin da ɗan sakandare zai iya bi. Abin da ya sami kamfanin Sony ke nan, lokacin da ƙungiyar fail0verflow ta nuna a Balin, a Disamba 2010, cewa lamba ɗaya ake amfani da ita wajen sa hannu a manhajojin PlayStation 3. A Agusta 2013 kuma rauni a na'urar fitar da lambobin kwatsam ta Android ya sa aka kwashe kuɗin Bitcoin daga wayoyin mutane ta wannan ƙofa. Akwai magani, ƙa'idar RFC 6979 ta 2013, wadda ke samo lambar daga saƙon da mabuɗin maimakon dogaro da sa'a. Amma Ed25519, wanda Daniel Bernstein da abokan aikinsa suka fitar a 2011, da wannan maganin aka haife shi. Mabuɗinsa na fili bayit 32 ne, sa hannunsa 64. Mutanen da maimaicin lamba ya riga ya ƙona, ban ga dalilin sake kai su kusa da shi ba.

Saura hana mabuɗin bin kwafin ajiya. An kashe damar ajiye bayanan manhajar, sannan aka kulle mabuɗin sirrin da wani mabuɗi da ke zaune a ma'ajiyar mabuɗai ta Android, wadda ba ta barin a fitar da abin da ke cikinta. Mai gyara ya juye wayar in ya so, abin da zai isa sabuwar tarkace ne. Sabuwar waya sai sabon mabuɗi, sabon mabuɗi kuma sai mai shi ya zo da kansa a yi masa rajista gaban dattawa biyu. Su dattawan ne suka kawo wannan sharaɗi, suka ce haka ayar bashi ta suratul Baƙara ta koyar, a rubuta kuma a kafa shaidu. Yaron shago ma yana da nasa mabuɗin, da iyakar adadin da zai iya sa wa hannu.

Abin da ake sa wa hannun ma sai da aka tsara shi: alamar cewa wannan rasit ɗin biya ne na wannan ƙungiya, reshen da ya karɓa, reshen da zai biya, lambar rasit, adadi, sunan mai karɓa, da ranar da zai daina aiki. Sanya reshen biya a ciki shi ke hana a karɓi kuɗi a Marwa a sake kai takardar Garwa. Kowane rasit reshe ɗaya ke iya biyansa, wayar reshen kuma tana riƙe da jerin waɗanda ta biya. Idan ita ma ta mutu, mabuɗinta ya mutu da ita, tsofaffin rasit ba za su buɗu a sabuwar ba, sai a sake fitar da waɗanda ba a biya ba bisa littafi. Littafin takarda bai tafi ko'ina ba.

Wajen ɓoyewa, mabuɗin gama-gari ya kau. Kowane reshe biyu suna samar da nasu ta musayar X25519, hanyar da wayoyi biyu ke cimma mabuɗi ɗaya ba tare da sun tura shi ba, don haka Njamena ba ta karanta abin da ke tsakanin Kusuri da Marwa. Wajen zaɓen sabon makulli, ni na fi karkata ga AES-GCM-SIV, wanda aka wallafa a RFC 8452 a 2019, domin an gina shi ne musamman don ranar da lamba za ta maimaitu: a ranar, iyakar abin da ɗan leƙe zai gane shi ne ko saƙo biyu iri ɗaya ne, hatimin kuwa yana nan daram. Yaron ya fi son XChaCha20-Poly1305, wanda lambarsa bit 192 ce, ana zaro ta kwatsam ba tare da ƙirge ba, faɗinta kuma ya sa karo ya zama abin da ba a lissafi da shi. A GCM mai bit 96, NIST ta taƙaita irin wannan zarowa ga saƙo kusan biliyan 4 a mabuɗi ɗaya. Hujjarsa ita ce yana tare da Ed25519 da X25519 a cikin libsodium, tarin kayan rubuta manhaja da ya riga ya iya, kuma ba ya so ya haɗa kayan gidaje biyu. Na yarda, domin mai gini ya yi aiki da abin da ya sani ya fi masa aminci, kuma mabuɗin ya daina yawo tsakanin wayoyi. Amma a sani, tsaron nasa zaɓin yana jingine da ingancin lambobin kwatsam na wayar, shi ya sa aka hana manhajar hawa tsofaffin Android.

Wani ɓangare da ake yawan tsallakewa shi ne gwada ƙin karɓa. Kowa yana gwada cewa rasit mai kyau yana wucewa, kaɗan ne ke gwada cewa mummuna yana faɗuwa. A Afrilu 2022 aka bayyana cewa Java, ɗaya daga cikin yarukan rubuta manhaja, daga fitowa ta 15 zuwa ta 18, tana karɓar sa hannun ECDSA wanda sifili ne zalla a matsayin ingantacce. Saboda haka muka bi manhajar da tarin gwaje-gwajen Wycheproof da Google ta fitar, muka ƙara namu: rasit da aka juya wa bit ɗaya, wanda aka yanke wa wutsiya, na wani reshe, wanda ranarsa ta wuce, da na wayar da aka soke. Allon ma an canza shi. Ba koren haske kawai ba, yanzu yana rubuta sunan wayar da ta sa hannu da adadin da manyan baƙaƙe.

Na gaya wa shugabannin iyakar abin a fili. Sa hannun yana shaida cewa wannan waya ce ta yi, ba ya shaida yatsan wa ya danna, don haka lambar sirrin buɗe manhaja ba abin ba yaro ba ce. Soke wayar da ta ɓata kuma ba ya isa ga reshen da ba shi da rezo nan take, shi ya sa idan jerin mabuɗan da ke wayar ya kwana biyu ba a sabunta ba, manhajar ba ta yarda da babban adadi sai an kira. Ta fuskar shari'a, dokar Kamaru mai lamba 2010/012 ta 21 ga Disamba 2010 ta ba ingantaccen sa hannun lantarki darajar sa hannu da alƙalami, amma da sharaɗin takardar shaida ta tsarin da hukumar ANTIC ke kula da shi. Cadi ma tana da tata hukumar, ANSICE, tun 2015. Mabuɗan ƙungiyar ba su bi ta nan ba, saboda haka membobin suka rubuta yarjejeniya a takarda cewa sun amince da su hujja a tsakaninsu, kuma na ba su shawarar su nuna ta ga lauya a kowace ƙasa.

Sabon rasit ya yi nauyi. Lamba bayit 24, hatimi 16, sa hannu 64, ga bayanin kansa, idan aka mayar da su haruffa sai SMS biyu maimakon ɗaya. An karɓi wannan. Yaron ya tambaya ko a tsallaka kai tsaye zuwa ML-DSA, sa hannun da NIST ta fitar a Agusta 2024 don jure wa kwamfutocin kwantum masu zuwa, waɗanda ake tsoron za su iya karya irin sa hannun yau. Mafi ƙanƙantarsa bayit 2,420 ne, wato fiye da SMS 20 a rasit ɗaya, ga takardar da ba ta wuce 'yan kwanaki take aiki. Muka bar shi, amma aka ware bayit na farko na kowane rasit ya faɗi nau'in tsarin da aka yi amfani da shi, don ranar da za a canza kada a sake rushe komai. Abin da ya rage a gaban ƙungiyar yanzu shi ne wayoyin reshen Njamena guda biyu da suka tsufa da yawa ga sabuwar manhajar. Har a saya musu wasu, duk rasit ɗin da ya fito daga can sai an tabbatar da shi da murya kafin a biya.